Kujerar Taga Daga Jalingo Zuwa Abuja

Daga unguwar Turaki a nan Jalingo shirin namu ke zuwa muku, kuma yau maganar tagar jirgin sama za mu yi.

Duk wanda ya taɓa bin mota zuwa Abuja ta Wukari da Makurdi da Lafiya ya san wuni guda ake yi a hanya. Daga filin jirgi na Danbaba Suntai kuwa, tafiyar kamar awa ɗaya ce. Shi ya sa nake jin takaicin ganin mutum ya biya tikiti mai tsada, ya samu taga, sai ya ja murfinta ya duƙufa kan waya, ƙasar haihuwarsa tana wucewa a ƙarƙashinsa.

Abuja yamma take da mu, kusan a miƙe. Saboda haka mai kujerar A, wato ta hagu, kudu yake kallo, na dama kuma arewa. Ni dai in za ku ji tawa, a tafiya ku nemi dama.

Jirgi bai gama hawa ba za ku ga Binuwai ya taso daga wajen Lau, ya rarrabu a tsakanin tsibiran yashi, fadamu kwance a gefensa, duwatsun Muri a tsaye can bayansa. Ku dubi faɗin wannan ruwa da kyau, jama'a. Nan ne mutum zai gane abin da ya sa shinkafar wannan yanki da kifinsa ke kaiwa kasuwannin nesa, da abin da ya sa ambaliya ke cinye gonaki idan aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, kamar yadda aka gani a 2012 da 2022. Ƙasar a shimfiɗe take, babu tudun da zai tare ruwa.

Gaba kaɗan, in sama ta yi garau, sai Dutsen Wase, shi kaɗai tilo a tsakiyar fili kamar turmin da aka kife. Daga shi sai gangaren tsaunukan Filato. Na hagu ma bai yi asara ba, shi zai daɗe yana bin Binuwai da ido har ya nufi Ibbi. A dawowa sai a juya lissafi, Wase ya koma hagu. Matuƙi kan kauce wa hadari, to ranar abin da za a gani yakan ɗan sauya.

Ku guji kujerun tsakiya a jirgin da fiffikensa ke ƙasa, don fiffiken zai rufe muku komai. Gaba ko can baya ya fi. A mai farfela da fiffike a sama, tagogin baya sun fi sarari.

Lokaci ma da nasa. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo kan shafe ƙasa, rana kuma tana kudu, tana dukan tagar hagu a tafiya. Oktoba da farkon Nuwamba ne zaɓina: damina ta janye, kogi a cike, daji kore shar.

Kujerun taga da wuri suke ƙarewa. Ku zaɓa tun wajen yankan tikiti, ko ku yi sammako filin jirgi ku ce da ma'aikaciyar kanta, "'Yar'uwa, don Allah taga, ta dama."