Ƙwayar Da Ke Kwantar Da Ciwon Gaɓoɓi: Amfaninta Da Haɗarinta

Cikin ciwace-ciwacen da muke tarawa mu kira sanyin ƙashi, akwai wani mai tsanani da likitoci ke kira rumatoyid. Ya fi kama mata. Yakan fara daga yatsu da wuyan hannu, dama da hagu tare. Gaɓoɓi su kumbura, su sandare da safe har awa guda ko fiye, uwargida ta kasa riƙe taɓarya ko ɗaura zane. Ba sanyi ke kawo shi ba. Garkuwar jiki ce ke juyowa ta faɗa wa gaɓoɓin mai ita.

A shekarar 1948, a asibitin Mayo na ƙasar Amurka, Dokta Philip Hench ya gwada allurar kotizon a kan wata mata mai wannan ciwo. Cikin 'yan kwanaki ta sauka daga gado tana tafiya. A 1950 shi da wasu masana biyu suka sami kyautar Nobel. Daga baya aka samo dangin kotizon na haɗiya, kamar firednisolon, wanda aka fi ba masu ciwon a yau.

Amfaninsa ba a musunsa. Yana rage kumburi da zafi cikin kwanaki kaɗan, har yakan rage saurin lalacewar gaɓa. Amma ba ya kawar da cutar. Babban maganinta shi ne metotirezet, da ake sha sau ɗaya a mako, shi kuwa yakan ɗauki makonni kafin ya kama. Saboda haka likita yakan ba da firednisolon kaɗan ya riƙe majiyyaci kafin nan, sa'an nan ya yi ta ragewa, a bari cikin wajen wata 3 in ya yiwu.

Haɗarin yana cikin daɗewa da yawan sha. Ƙashi yakan yi rauni har ya karye a faɗuwa kaɗan. Yakan jawo ciwon sukari, da hawan jini, da yanar ido. Yana raunana garkuwar jiki, har tarin fuka da ya kwanta ya farka. Fuska kuma ta cika ta yi zagaye. Wannan cikar ce 'yan mata ke nema sa'ad da suke shan dekzametazon, wanda shi ma dangin kotizon ne, don su yi ƙiba. Alamar lahani ce, ba ta lafiya ba.

Wanda ya yi makonni yana sha kada ya bari farat ɗaya. A bisa ƙoda akwai 'yan ƙululu biyu masu yi wa jiki nasa kotizon. In ƙwaya ta daɗe, sai su yi sanyi da aiki. In an yanke ta nan take, mutum yakan galabaita, jininsa ya sauka, har a rasa rai.

Don haka, masu karatu, kada a sayi ƙwayar nan a kemis ko hannun masu talla a tasha ba da takardar likita ba. A sha ta da safe bayan karin kumallo. A riƙa auna jini da sukari. Ragewa kuwa, a bar wa likita.