Daga BAC zuwa jami'a: abin da ke kayar da sabbin ɗalibai a rubutu

Duk shekara, bayan fitowar sakamakon BAC, wasu daga cikin 'yan makarantar Malbaza da Ƙonni da Illela kan ɗauki jaka su nufi Tahoua ko Yamai. A Tahoua akwai jami'ar da aka kafa a 2010, wadda yanzu ke ɗauke da sunan masanin tarihi Djibo Hamani. A Yamai kuwa akwai jami'ar Abdou Moumouni. Iyaye kan ɗauka cewa wanda ya ci BAC ya gama da matsalar rubutu. Sai takardar farko ta dawo da maki 6 ko 7 bisa 20, yaro ya rasa inda ya kuskure, alhali ya haddace darasin malam tsaf.

Haddar ce ma babbar matsalar. A lise, ɗalibi na iya tsira idan ya mayar wa malami abin da ya ba shi. A jami'a ana son ya yi tambaya, ya amsa ta da hujja. Wannan tambayar ita ce ake kira problématique da Faransanci, kalmar da ke firgita sabbin shiga, ko da yake abin da take nufi ba ya da wuyar ganewa.

A ɗauki albasar Galmi, da kowane ɗan Malbaza ya sani. Idan aka ba ɗalibin tattalin arziki aiki a kanta, sabon shiga zai cika shafi huɗu: inda ake nomanta, launinta, yadda manyan motoci ke kai ta Abijan da Akara. Duk gaskiya ne, amma bai ce komai ba tukuna. Wanda ya gane aikin zai fara da abin da ke ɗaure kai: me ya sa farashi ke faɗuwa warwas lokacin cirar albasa, ya haura bayan 'yan watanni, kuma aljihun wa ribar ke shiga? Daga nan sassan rubutun ke fitowa da kansu. Sashe guda kan manomin da bashi ya tilasta wa sayarwa da wuri. Wani sashen kan ajiya a rudu, da asarar da ruɓewa ke jawowa, da ɗan kasuwar da ke da ƙarfin jira. Kowane sakin layi ya ɗauki magana ɗaya, da hujjarta, da misalinta. Abin da bai taimaka wajen amsa tambayar ba, komai daɗinsa, sai a cire shi, kuma cirewar ce ta fi yi wa ɗalibai zafi.

Kowane fanni da nasa tsarin. Wanda ya saba da kashi uku na falsafa a ajin ƙarshe na lise, wato ra'ayi, kishiyarsa, sannan sulhu, zai yi mamaki idan ya shiga sashen shari'a. A can, bisa al'adar da aka gada daga Faransa, rubutu kashi biyu ne, kowane kashi da rassa biyu, kowanne da takensa, kuma galibi ba a rufewa da kammalawa. Akwai kuma sharhin hukuncin kotu, inda ake so ɗalibi ya ware abin da ya faru, matakan da shari'ar ta bi, da'awar kowane ɓangare, tambayar doka, da amsar alƙalai. Wanda ya ba da labarin rigimar kawai, kamar yadda ake yi a majalisar shayi, ya faɗi.

Sai maganar harshe. Yawancin waɗannan yara da Hausa suke tunani, da Faransanci suke rubutu. Dokar sake gina ƙasa ta watan Maris na 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki, amma takardun jarrabawar shari'a da tattalin arziki har yanzu da Faransanci ake rubuta su. Wasu kan ɓoye rauninsu a bayan manyan kalmomi da jimloli masu tsawon igiyar rijiya. Malamin da ke da takardu ɗari a gabansa ya fi son gajeriyar jimla mai ma'ana. Ba laifi ba ne ɗalibi ya fara bayyana wa abokin ɗakinsa hujjarsa da Hausa. Idan ta gagara faɗi da Hausa cikin jimla biyu, Faransanci ba zai cece ta ba.

Abu na ƙarshe da ake koya a shekarar farko shi ne faɗin inda aka samo magana: sunan marubuci, littafi, shekara, shafi. Kwafo daga intanet ko daga ChatGPT a miƙa kamar na kai satar ilimi ce, kuma malami kan gane ta daga yadda salon yaro ya canja kwatsam. ChatGPT ma kan ƙirƙiro sunan littafin da babu shi.

Lissafin tsarin LMD ba ya da sassauci: lisans shekara uku ne, zango shida, kowane zango da kiredi 30, jimla 180. Darasin dabarun rubutu ƙarami ne a jadawali, shi ya sa wasu ke tsallake shi, amma kusan duk sauran jarrabawar da alƙalami ake yin ta. Shekarar da aka maimaita kuwa kuɗin haya ne da abinci da mota, waɗanda a gidaje da dama na yankin daga buhunan albasa ko albashin ma'aikacin kamfanin siminti suke fitowa.