Ma'aikatan da Ba Su Karɓar Ko Dala: Mu Bar Musu Lungu a Gida

Ranar zubi, bayan an ƙirga kuɗi an rufe akwati, masu riƙon mabuɗai sun ɗaure nasu a bakin zane, sai hira ta koma kan zogale. Wata ƴar uwarmu ta ce tsutsa ta sake taso wa zogalenta na bayan ɗaki, ganye ya koma kamar raga. Sau biyu tana sayen maganin feshi, kuɗin ribar ƙuli-ƙulinta ya tafi, kuma yanzu tsoro take ji ta tsinko ganyen ta ba ɗiyanta.

Dattijuwar ƙungiya ta dube ta ta ce, "Ke ɗiyata, gidanki akwai tsuntsaye kuwa? Akwai kwaɗo?"

"Wane kwaɗo, Inna, in ba na ci ba?"

Aka yi ta dariya. Inna ta ce, "To ai shi kwaɗo mai tsalle, shi ka tsaron kwaɗon da kike ci."

Maganar ta tsaya mana a rai. Mu duba gidajenmu na cikin Maraɗi: mun shafe tsakar gida da siminti, mun sare icen da ke zubar da ganye, mun share kowane lungu ƙal. Tsabta abu ce mai kyau. Amma garin shara mun kori ma'aikatan da ke yi mana aiki kyauta. Kwaɗo na kwana cin ƙwari. Ƙadangare na wuni kan gara da tururuwa. Bushiya na fita da dare ta bi kyankyasai. Ƙananan tsuntsaye da tsutsa suke ciyar da ƴaƴansu. Mujiya, da yara ke jifa, ɓeraye take kamawa, waɗanda ke huda mana buhun hatsi. Zuma kuwa, in ba ta sauka kan fure ba, kabewa da kankana ba su yin ɗiya yadda ya kamata. Shi maganin feshi bai san abokin gaba ba, bai san masoyi ba. Kuma tsutsa ta fi masu cin ta saurin komowa, shi ya sa mai feshi kullum cikin saye take.

Ƙasarmu ta riga ta ga irin wannan. A shekarun fari gonakin jihar Maraɗi sun zama fili fetal, iska na binne shuka da rairayi. A 1983 wani ma'aikacin mishan na SIM, Tony Rinaudo ɗan Ostireliya, ya lura cewa ƴan tsiron da ake sassabewa kowace shekara ba ciyawa ba ne, itatuwa ne da saiwarsu ke raye a ƙasa. Bayan yunwar 1984 manoma suka fara barin reshe biyu ko uku mafi ƙarfi a kan kowane kututture suna gyara su. Yau ana lissafin itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 na kudancin Nijar, kuma baƙi na zuwa garuruwa irin su Ɗan Saga don ganin aikin. Ba shuka aka yi ba, barin abin da Allah ya riga ya ajiye aka yi. Inda ice ya komo, tsuntsu ya komo.

Haka kuma masu bincike na INRAN da na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo sun yi aiki da wani ɗan ƙwaro mai siffar zanzaro, wanda ke kashe murzunar da ke cin zangarniyar hatsi. A ƴan buhunan garara ake kai shi gonaki a saki. Ke nan ko masana da ƙwaro suke yaƙar ƙwaro.

To mu da ba mu da eka, me za mu yi? Abu huɗu ne.

Na ɗaya, ice. In magarya, kurna ko kalgo ya tsiro jikin katanga, kada a tumɓuke. A rage rassan, a kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Mai ƙaramin gida ta sa lalle ko lemun tsami: furen na kiran zuma, ganye da ƴaƴa kuma kuɗi ne. Masu fili a Tsibiri da masu garka a Jiratawa su bar gawo, don shi da rani yake ganye da fure, lokacin da sauran itatuwa suka bushe. Cikin zogale kuma a bar gindi ɗaya ko biyu ba a yanka ba, su yi fure su ba da iri.

Na biyu, ruwa. Fasasshen kasko ya isa. A ɗora shi a inuwa, inda mage ba ta laɓewa, a sa tsakuwa ciki don zuma ta samu wurin sauka. A watan Afrilu da Mayu tsuntsu har buɗe baki yake don zafi. Malamai sun sha faɗa mana akwai lada a shayar da duk mai rai.

Na uku, lungu. Wuri guda can ƙarshen gida, nesa da ɗakin kwana da wurin wasan yara, a tara busasshen ganye a gindin ice. Nan kwaɗo zai fake da rana, ganyen kuma ya ruɓe ya zama taki.

Na huɗu, a rage guba. Ga ƴaƴan bedi nan suna zuba a titi. A busar da su, a daka kamar rabin kilo, a jiƙa a lita 10 ta ruwa ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa da marece bayan zuma ta koma. A dakata ƴan kwanaki kafin tsinka, a wanke ganyen sosai.

Mun san tambayar da ke bakinku, don mu ma mun yi ta: sauro fa? Maciji da kunama fa? Gaskiya ne, kuma ba za mu sai da lafiyar ɗiyanmu don tsuntsu ba. Ƙwan sauro na bukatar kamar mako guda cikin ruwa kafin ya tashi, don haka a zubar da ruwan kasko kowace safiya, a goge, a sake sabo. Wadda ta san ba za ta iya ba, gara ta bari. Kada a jibge tubali, duwatsu ko itacen girki a lungun, nan ne maɓoyar kunama. In za a juya ganye, da sanda, ba da hannu ba. Gidan sauro kuma yana nan daram. Jan baki da ke cinye hatsi kuwa, garke yake bi gonaki, ba kaskonki ne zai kawo shi ba.

Yaranmu maza ma a yi musu magana kan danƙo. Tun muna ƙanana aka hana mu taɓa shamuwa, don ita ke zuwa da labarin damina, ga ta da cin fara. Wannan kunyar da ake ji mata, a raba wa sauran tsuntsaye.

A 1991 aka fara Mata Masu Dubara a nan Maraɗi, da ƴan kuɗin da wasu ke rainawa, yau tsarin ya kai ƙasashe da dama. Mun san yadda kaɗan-kaɗan ke taruwa. Tsuntsu bai san katanga ba: in mu talatin kowace ta bar ice guda da kasko guda, unguwa ce ta samu inuwa. A ƙungiyarmu mun yanke cewa ranar zubi mai zuwa kowace za ta zo da irin da take da shi, lalle ko zogale ko ƴaƴan bedi, mu yi musaya, ta kuma faɗi baƙon da ta fara gani a bakin kaskonta. Ku ma ku gwada, ku aiko mana da labari.

Allah ya ba mu damina mai albarka.