Katin Waya Ma Sai Da Awo

Idan muka je kasuwar Funtua ko ta Malumfashi sayen masara, ba mu biya sai mun duba tiya. To, haka ya kamata mu yi wa katin waya, tun da kuɗin kira ya tashi a 2025.

Kamfanonin da muka fi sani su ne MTN da Airtel da Glo. Kowanne yana da tsari iri iri. Wani yana ba da gyara mai yawa, amma kiransa da tsada, gyaran kuma yana da wa'adi. Wani ba gyara, amma kiransa da araha.

Ga yadda za mu auna. Mu danna *310#, mu rubuta kuɗin da ke ciki. Mu yi kira na minti ɗaya. Mu sake dannawa, mu ɗebe. Bambancin shi ne kuɗin minti. Mu auna sau biyu, gama a wani tsari mintin farko na yini ya fi tsada. Sa'an nan mu gwada da na maƙwabci.

Amma mu lura. Layin da ba ya kamawa a ƙauyenmu, ko kyauta aka ba mu, ya yi tsada.