Gem ɗin kyauta: wa ke biyan kuɗinsa?

Ba da jimawa ba, duk mai son buga gem sai ya nemi gidan gem na unguwa, ya biya kuɗi, ya jira layi kafin ya samu zama gaban PlayStation. Yau gem ya koma cikin aljihu. Da wayar Tecno ko Infinix da ɗan data, mutum zai sauke Free Fire ko PUBG Mobile ko Call of Duty Mobile ko eFootball ba tare da ya biya ko kwabo ba.

Mu ma a jami'a musun da kuke yi a makaranta shi muke yi. Wasu sun ce Free Fire ya fi, domin ko ƙaramar waya tana ɗaukarsa. Wasu sun ce PUBG ya fi kyan hoto, duk da cin wuri da zuƙe batir. 'Yan ƙwallo kuwa ba ruwansu da harbe-harbe. Amma akwai tambayar da ba kasafai muke yi ba: kamfanonin nan, irin su Garena na Singafo da Tencent na China da Konami na Japan, suna biyan albashin ma'aikata masu yawa, suna kula da manyan kwamfutoci dare da rana. In mu ba mu biya ba, daga ina kuɗin ke fitowa? Hausawa dai sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa.

Hanyoyi uku na samun kuɗi

Ta farko ita ce ciniki a cikin gem. Shiga kyauta ne, amma sabuwar riga ko bindiga mai ado ko fitaccen ɗan wasa sai da kuɗin cikin gem, su kuma da Naira ake sayensu. Ta biyu ita ce talla, musamman a ƙananan gem da ke tsayar da kai ka kalli bidiyo kafin ka ci gaba. Ta uku ita ce ba a gani da ido, wato bayananmu.

Wayoyin Android da iPhone suna da wata lamba ta musamman da aka tanada domin masu talla. Manhajoji da yawa suna haɗa lambar nan da irin wayarka, da yankin da kake, da lokacin da kake wasa, da abin da ka fi dannawa. In an tattara wannan daga manhajoji daban-daban, sai a san halinka ba tare da an taɓa ganinka ba. Shi ya sa za ka duba takalmi a wani shafi, gobe ka ga tallarsa ta biyo ka cikin gem.

Ba zargi ba ne kawai

A watan Disamban 2022, kamfanin Epic Games mai gem ɗin Fortnite ya amince ya biya dala miliyan 520 a Amurka. Miliyan 275 tara ce kan tuhumar tattara bayanan yara 'yan ƙasa da shekara 13 ba da izinin iyayensu ba, da kuma barin hirar murya a buɗe tun farko, har baƙi na iya magana da yara. Sauran miliyan 245 na mayar wa mutane kuɗinsu ne, saboda an tsara maɓallan gem ɗin yadda mutum zai yi sayayya bai yi niyya ba.

A watan Satumban 2023 kuma, hukumar kare bayanai ta ƙasar Ayalan ta ci TikTok tarar Yuro miliyan 345. Cikin dalilan akwai cewa shafukan matasa 'yan shekara 13 zuwa 17 sun kasance a buɗe ga kowa tun daga ranar da aka yi su.

A nan gida, an sa hannu kan Dokar Kare Bayanai ta Najeriya a watan Yunin 2023, kuma akwai hukumar NDPC da ke kula da ita. Dokar ta ba ka damar tambayar kamfani wane bayani ya riƙe a kanka, ka nemi a gyara ko a goge. Sai dai doka ba za ta riƙe maka yatsa ba a lokacin da za ka danna "Allow".

Tarkon da ya fi kusa da mu

Abin da ya fi kama ɗalibai a wajenmu ba manyan kamfanoni ba ne, kwaɗayi ne. Wani zai tura maka gem ta Xender, ya ce an yi masa gyara, kuɗin ciki ba ya ƙarewa. Wanda ya iya buɗe gem ya ƙara masa kuɗi, ai ya iya cusa masa abin da zai karanta saƙonninka. Wani kuma zai turo adireshin intanet a zauren WhatsApp, wai ana raba lu'ulu'un Free Fire kyauta, ka shigar da sunanka da kalmar sirrinka ta Facebook. Da ka shigar, shafinka ya tafi.

A tuna kuma, da yawa daga cikinku wayar Mama ko ta Yaya kuke ara. A cikinta akwai manhajar banki, da hotunan iyali, da lambobin 'yan uwa. In wani abu ya shiga, ba maki kaɗai za a rasa ba, ana iya rasa kuɗin cefane ko na makaranta.

Me ya kamata mu yi?

Ba cewa muke a daina gem ba, mu ma ba mu daina ba. Cewa muke a buga da ido buɗe. A sauke gem daga Play Store ko App Store kawai. In gem ya nemi izini, a tsaya a yi tambaya: me ya haɗa gem ɗin tseren mota da lambobin wayata ko saƙonnina? In babu alaƙa, a hana shi. A shiga saitin waya a duba izinin da aka riga aka bayar, a janye wanda bai dace ba. A wajen saitin tallace-tallace na Google ma ana iya goge lambar tallar nan.

Kada a sa cikakken suna, ko sunan makaranta, ko unguwa a cikin gem; laƙabi ya isa. Lambobi shida da WhatsApp ke turowa, da lambar da banki ke aikowa, da NIN da BVN na iyaye, ba a ba kowa su, ko da abokin da kuka shekara kuna wasa tare ne, domin murya kawai ka sani, ba ka san mai ita ba. In waya ta aro ce, a nemi izini kafin a sauke komai. In kuma wani ya fara neman hotonka ko yana yi maka barazana, kada ka ɓoye. Ka sanar da iyaye ko malami nan take.

Ƙannenmu, in an ci ka a gem sai ka sake sabon zagaye. Amma hoto ko lambar sirri in ta fita, babu maɓallin da zai dawo da ita.