HAYAƘIN KWAL DA DAMINAR RINGIM

Dattawan Ringim da suka yi wayo kafin samun mulkin kai suna iya tuna jirgin ƙasa na da, wanda kan taso daga Kano ya nufi Nguru yana tuttuɗa baƙin hayaƙi. A 1930 aka gama shimfiɗa wannan hanya, jirgin kuwa shi ya riƙa kwashe gyaɗar ƙasar Ringim zuwa Kano, daga can sai Ikko. Abin da a ke zuba masa yana ci shi ne kwal. An daɗe da daina ganin irin wannan jirgi, amma zancen kwal bai ƙare ba, gama kwal ɗin da a ke ƙonawa a ƙasashe masu nisa yana da hannu cikin abin da ke samun damina a nan. Manufar wannan takarda ita ce a bayyana wa jama'a yadda haka ke faruwa, da alkawarin da ƙasashen duniya suka ɗauka, da inda suka gaza, da abin da ya rage ga mutanen Ringim.

MENE NE KWAL?

Kwal wani baƙin dutse ne mai cin wuta kamar gawayi. Asalinsa itatuwa ne da ciyayi na zamanin da, waɗanda ƙasa ta binne shekaru aru-aru har suka daskare. A Nijeriya an gano shi a Udi, kusa da Enugu, a 1909, ba da daɗewa ba aka soma haƙarsa, aka ja reluwe zuwa Fatakwal domin fitar da shi. Da shi jiragen ƙasa suka yi aiki har zuwa lokacin da aka kawo masu shan man dizal. A Jamhuriyar Nijar akwai ma'adininsa a Anu Araren, arewa da Agadas, inda a ke ƙona shi ana samun lantarki tun farkon shekarun 1980.

Babban aikin kwal yanzu shi ne samar da lantarki. A kan ƙona shi a tafasa ruwa, tururin ya juya inji, injin ya ba da wuta. Kusan kashi ɗaya cikin uku na lantarkin duniya ta haka a ke samunsa. Araha gare shi, amma illarsa biyu ce: akwai ta kusa, akwai ta nesa.

ILLAR KUSA

Ta kusa ita ce hayaƙin da ido ke gani. A cikinsa akwai toka da ƙura mai laushi ƙwarai, wadda in an shaƙa ta kan shige can cikin huhu, har ta ratsa cikin jini. Ita ke jawo tari da fuka da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Mutanen Ingila sun ɗanɗana wannan. A watan Disamba na 1952 hayaƙin kwal ya haɗu da hazo ya lulluɓe birnin Landan kwana biyar, har mutum ba ya iya ganin gabansa da rana tsaka. Lissafin farko ya nuna mutane wajen 4,000 suka mutu, binciken baya kuwa ya nuna sun fi haka nesa. Wannan ya sa aka kafa dokar tsabtace iska a 1956. Yanzu Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iska, ta waje da ta cikin gida, tana kashe mutane wajen miliyan 7 kowace shekara.

ILLAR NESA

Ta nesa ita ce wata iska wadda ba ta da launi, ba ta da wari, a kan kira ta iskar kabon. Kowane abu aka ƙona sai ta fita, amma kwal ya fi man fetur da gas fitar da ita. In ta hau sama ba ta saukowa da wuri, ta kan daɗe shekaru ɗaruruwa. Aikinta kamar na bargo ne: ta kan bar zafin rana ya shigo, ta hana wani sashensa komawa. Kafin zamanin masana'antu yawanta kashi 280 ne cikin miliyan na iskar sama, yanzu ya wuce 420. Saboda haka duniya ta yi ɗumi. Shekarar 2024 ta fi dukan shekarun da aka taɓa aunawa zafi, ta ɗara zamanin kafin masana'antu da wajen digiri ɗaya da rabi.

Mai karatu zai ce, to, digiri ɗaya da rabi har wani abu ne? Sai ya tuna da jikin mutum. In zafinsa ya ƙaru da digiri ɗaya da rabi, an ce yana da zazzaɓi ke nan. Har wa yau, iska mai ɗumi ta fi mai sanyi ɗaukar laima, kowane digiri guda ya kan ƙara mata wajen kashi 7 cikin 100. Watau ta fi saurin busar da gona in an yi fari, in kuwa hadari ya haɗu sai ta juye ruwan gaba ɗaya. Iskar sama ba ta san iyakar ƙasa ba. Abin da aka ƙona a Sin ko Amurka, da shi da wanda aka ƙona a Kano, duk bargo ɗaya su ke ƙara wa kauri.

ABIN DA YA SAMI RINGIM

Ringim tana bakin kogin Haɗeja, wanda ke tattara ruwan kogin Kano da na Challawa. Kogin nan shi ne arzikin ƙasar, domin a fadamarsa a ke noman shinkafa da alkama da kayan lambu. Shi ne kuma ke kawo ɓarna in ya cika ya batse. An yi ambaliya a 2018 da 2020, sa'an nan ta 2022 ta zo ta fi su muni. Ruwa ya ci gonaki ana dab da girbi, gidajen ƙasa suka zube, mutane da yawa suka koma zama a makarantu. A Nijeriya duka mutane fiye da 600 suka rasu a wannan shekara, fiye da miliyan ɗaya suka bar gidajensu, Jihar Jigawa kuwa tana cikin waɗanda abin ya fi shafa. Masana da suka bincika ruwan wannan damina sun tabbatar ɗumamar duniya ta ƙara masa ƙarfi.

Amma fa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tafiyar ruwan kogin ta sake. Yashi ya cike wurare, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa daga gabas, an sare itatuwan bakin gaɓa, an yi gini a kan magudanai. Hayaƙin nesa ya ƙara yawan ruwan, sakacin gida ya buɗe masa ƙofa.

ALKAWARIN DA AKA ƊAUKA

Shugabannin duniya ba su jahilci wannan al'amari ba. A 2009, a birnin Kopenhagen, ƙasashe masu arziki suka yi alkawarin kafin 2020 za su riƙa tara dala biliyan 100 kowace shekara domin taimakon ƙasashe matalauta. A watan Disamba na 2015 ƙasashe kusan 200 suka taru a Paris ta ƙasar Faransa, suka amince za a tsayar da ƙarin zafin duniya ƙasa da digiri 2, a kuma yi ƙoƙari kada ya wuce ɗaya da rabi. Aka shirya kowace ƙasa ta rubuta abin da za ta rage na hayaƙinta, ta kuma sabunta shi duk bayan shekara biyar. A 2021, a Glasgo, aka ambaci kwal da sunansa cikin takardar yarjejeniya. A 2022, a ƙasar Masar, aka yarda a kafa asusun biyan asara ga ƙasashen da ambaliya ko fari suka yi wa ɓarna.

INDA AKA GAZA

Hausawa sun ce alkawari kaya ne. Ga yadda aka ɗauki wannan kaya.

Na farko, kuɗi. Dala biliyan 100 ɗin nan ba su cika ba sai a 2022, watau an makara shekara biyu, kuma mafi yawansu rance ne, ba kyauta ba. Asusun biyan asara kuwa, da aka buɗe shi a Dubai a 2023, abin da aka yi alkawarin zubawa wajen dala miliyan 700 ne, alhali asarar da a ke yi ta ninka haka sau da yawa. A 2024, a Baku, aka sa sabon adadi, dala biliyan 300 kowace shekara kafin 2035, ƙasashe matalauta suka ce bai kai rabin bukata ba.

Na biyu, kwal. A Glasgo an so a rubuta za a daina ƙona shi, amma Indiya da Sin suka nace, aka mai da kalmar ta zama ragewa. Ragewar ma ba a gani ba tukuna, domin a 2024 duniya ta ƙona fiye da tan biliyan 8, adadin da ya fi na dukan shekarun da suka gabace ta. Sin ita kaɗai tana ƙona fiye da rabi. Hujjar waɗannan ƙasashe ita ce Turai da Amurka sun yi shekara fiye da ɗari suna ƙona kwal har suka yi arziki, ba daidai ba ne a hana na baya. Amurka kuwa, wadda ta fi kowa tara hayaƙi a sama tun daga farko, ta fice daga yarjejeniyar Paris a 2020, ta komo a 2021, ta sake ba da sanarwar fita a watan Janairu na 2025.

Na uku, lissafi. Masanan Majalisar Ɗinkin Duniya sun ce in ana so a tsaya a digiri ɗaya da rabi, lalle ne kafin 2030 a rage hayaƙi da kashi 43 cikin 100 bisa na 2019. Maimakon raguwa sai ya ƙaru. In aka ci gaba a haka, zafin zai doshi digiri 3 kafin ƙarshen wannan ƙarni. Afirka duka kuwa abin da ta ke fitarwa bai kai kashi 4 cikin 100 ba.

Duk da haka ba a ce ba a yi kome ba. Ingila, inda aka fara wannan sana'a, ta rufe tasharta ta ƙarshe mai ƙona kwal ran 30 ga Satumba 2024. Farashin faifan lantarki mai aiki da hasken rana ya faɗi ƙwarai, Sin ɗin nan kuma ita ce kan gaba wajen ƙera shi da kafa shi.

NIJERIYA FA?

Lantarkin Nijeriya daga gas ya ke fitowa da madatsan ruwa irin su Kainji da Jebba da Shiroro. Kwal ɗin da a ke haƙa yanzu masana'antun siminti ne suka fi amfani da shi. Amma ita ma tana da nata alkawarin. A 2021 ta ce kafin 2030 za ta rage hayaƙi da kashi 20 cikin 100 da ƙarfin kanta, ko kashi 47 in ta sami taimako. A Glasgo Shugaba Muhammadu Buhari ya sa 2060 ta zama shekarar da ƙasar za ta daina ƙara wa sama hayaƙi, daga baya kuma ya sa hannu a dokar sauyin yanayi. Ita ma tana da inda ta gaza. Tun 1979 aka yi doka cewa daga 1984 a daina ƙona gas a banza a rijiyoyin mai, har yanzu wutar ba ta mutu ba.

ABIN DA YA RAGE GA MUTANEN RINGIM

Manomin Ringim ba shi da ikon rufe tashar kwal a wata ƙasa, ba kuwa zai jingine fartanya ya zauna jiran alkawari ba. Akwai abubuwa huɗu da ke hannunsa.

Na ɗaya, hayaƙin gida. Wanda ya fi cutar da iyali a nan shi ne na murhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce irin wannan hayaƙi ya kashe mutane wajen miliyan 3 a 2020, ciki har da ƙananan yara masu yawa. A yi wa ɗakin girki taga, a yi amfani da busasshen itace da murhu mai tsimin itace, kada uwa ta tsaya kan hayaƙi da goyo a bayanta. Kada a kunna janareta cikin ɗaki ko zaure. A bar ƙona leda da taya, balle lokacin hunturu da hazo ya riga ya cika iska.

Na biyu, itatuwa. Manoman Maraɗi sun nuna hanya tun shekarun 1980. In sun zo sassabe ba su tumɓuke tohon gawo da sauran itatuwa, sai su zaɓi mai ƙarfi su gyara shi ya girma. Da haka miliyoyin kadada suka farfaɗo a Nijar ba tare da an sayi dashe ba. Gawo ya kan zubar da ganye da damina, saboda haka ba ya tsare wa gero rana, ga taki, ga abincin dabbobi.

Na uku, shirin ruwa. A yashe magudanai tun kafin ruwa ya sauka, kada a yi gini a hanyar ruwa. A saurari hasashen damina da hukumar yanayi ta ƙasa kan bayar a farkon kowace shekara, a nemi shawarar malamin gona game da iri mai saurin nuna. In an yi shelar za a saki ruwan madatsa, a tashi da wuri.

Na huɗu, rubutu. Duk wanda ruwa ya ci gonarsa ko gidansa, ya kai rahoto wurin mai unguwa ko dagaci, a rubuta sunan ƙauye da girman gona da abin da aka shuka da ranar da abin ya faru. Wakilan Nijeriya da ke zuwa taron ƙasashe ba su da hujjar da ta fi wannan, gama bashin da ba a rubuta ba wuyar karɓa gare shi.

Ana roƙon wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabtansa wannan takarda, hakimai da dagatai da limamai da malaman makaranta kuma su taimaka wajen bayyana ta ga jama'a kafin damina ta kama.