Farantin Talla Ya Koma Cikin Waya: Yadda Matan Ƙanƙara, Faskari Da Sabuwa Za Su Yi Suna Cikin Sirri

Tun kafin wayar salula ta shigo Nijeriya a shekarar 2001, matan Hausawa sun san yadda ake yin suna a sana'a ba tare da an leƙa ƙofar gida ba. A kowace unguwa akwai gidan da aka sani da ƙosai, akwai gidan daddawa, akwai kuma gidan da in ba man gyaɗarsu aka zuba a miya ba, sai maigida ya tambaya yau kuma ina aka sayo wannan. Galibin masu saye ba su taɓa ganin fuskar mai sana'ar ba, amma sun san hannunta. Abin da ke kai sunan nan lungu-lungu kuwa shi ne farantin talla a kan 'yar yarinya, sai kuma bakin mata a gidan biki da gidan suna.

To uwargida, yau farantin nan ya koma cikin waya. Mace tana zaune a tsakar gidanta a Ƙanƙara ko Daudawa ko Sabuwa, ta ɗauki hoton ƙuli-ƙulinta ko turaren wutarta ta ɗora a WhatsApp, kafin la'asar wata daga Funtuwa ko Zariya ta turo kuɗi, gobe da safe a kai ƙullin tasha a ba direba. Babbar ribar da na fi gani a nan ba ta kuɗi ba ce. Yarinyar da a da za ta wuni tana zagaya tasha da faranti, tana jin maganganun da ba su dace da kunnenta ba, yanzu tana iya zama a aji. A yankin da iyaye ke fargaba duk lokacin da yaro ya yi nisa da gida, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai ɗora hoto daban, yin suna daban. Mata da yawa sun buɗe shafi a Facebook ko Instagram ko TikTok, yau su tallata atamfa, gobe kwanuka, jibi maganin sanyi, gata kuma hoton bikin ƙanwa, har mai dubawa ta rasa me ake sayarwa. Wadda ta yi suna da daddawa a unguwa ba don tana sayar da komai ba ne, don daddawarta ba ta canzawa ne. Haka abin yake a waya. Ki zaɓi abu ɗaya ko biyu da kika gwanance a kai, ki raɗa wa sana'ar suna mai sauƙin faɗa, ki riƙe sunan nan guda a ko'ina, a waya da jikin leda da bakin direban da ke kai miki saƙo. Hoton kuma ya zama na kayanki ne da kika ɗauka da hasken rana a kan tabarma mai tsafta. Ɗauko hoton wata daga intanet ki ce naki ne algus ne, bai da bambanci da sa manyan tumatir a saman kwando. Mai saye sau ɗaya take ruɗuwa, kuma labarin ruɗin ya fi tallar saurin yawo a zauren mata.

Akwai ƙananan abubuwa game da yadda WhatsApp ke aiki da rashin saninsu ke sa mace ta yi ta wahalar banza. Abin da kika ɗora a sitatus awa 24 yake yi ya ɓace, kuma ba ya isa ga kowa sai wadda kika ajiye lambarta ita ma ta ajiye taki. Saboda haka in kin tara lambobi ɗari biyar amma ba su ajiye taki ba, da kanki kike magana. Shi ya sa duk wadda ta sayi kaya, kafin ku rabu ki roƙe ta ta ajiye lambar da sunan sana'ar. Akwai kuma WhatsApp Business, wanda kamfanin ya fitar a 2018 don masu ƙananan sana'o'i, kyauta ne, yana ba ki damar jera kayanki da farashinsu, ya kuma amsa wa mai tambaya da kansa lokacin da kike kan girki ko salla. Wadda ba ta ƙware a rubutu ba, saƙon murya ya ishe ta, amma fa ta tuna murya ana tura ta gaba, kada ta faɗi abin da ba za ta so surukarta ta ji ba.

A nan ne labarin waɗannan ƙananan hukumomi uku ya sha bamban da na Kano ko Abuja. Masu koyar da tallar zamani sukan ce ki nuna kanki, ki nuna nasararki, ki nuna motar da sana'a ta saya miki, don mutane su yarda da ke. Wannan shawara ba a yi ta don garuruwan da ke bakin daji ba. Ƙanƙara da Faskari suna iyaka da Zamfara, Sabuwa tana jingine da yankin Birnin Gwari, kuma duk wanda ya zauna a nan ya san masu garkuwa da mutane ba duba suke yi ba, labari ake kai musu. Wanda ke kai labarin kuwa sau da yawa ba baƙo ba ne. Hoton sarƙar gwal a wuya, ko na buhunan masara an jere a zaure bayan girbi, ko na shaidar kuɗin da suka shigo da aka ɗora da sunan godiya ga Allah, duk bayani ne da aka ba mai neman bayani ba tare da ya wahala ba. Ko hoton kaya ne, ki duba abin da ya fito a bayansa: ƙofar gida, lambar mota, kayan makarantar yara mai ɗauke da bajo. Kuma kada ki sanar cewa gobe za ki Kano saro kaya. In kin je kin dawo lafiya, sannan ki nuna abin da kika zo da shi.

Ni a ganina dabarar kakanninmu ita ce ta dace da wannan wuri, wato kaya su yi suna, mai kaya ta zauna a ɓoye. Ki ware layin sana'a daban da na gida. Hoton da ke kan lambar ya zama na kaya ne ko sunan sana'a. Baƙuwar mai saye kada a kwatanta mata gida, a haɗu da ita a shagon wani amintacce ko a tasha, ta hannun ɗan'uwa namiji. Maigida kuma ya san komai tun daga farko, ya san layin, ya san cewa maza ma za su iya kira don sayen kaya, ku yi shawarar yadda za a riƙa amsa musu. Gidaje nawa waya ta hargitsa ba don an yi laifi ba, sai don an fara abu a ɓoye.

Mutanen Ƙanƙara sun ga ƙarfin kafofin nan da idonsu. A daren Juma'a 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke garin suka kwashe ɗalibai, kafin wayewar gari labarin ya zagaya duniya, aka yi ta kiraye-kirayen a dawo da yaran a Twitter da Facebook, har zuwa 17 ga wata da aka sako 344. Amma a cikin kwanaki shidan nan, ta wayar nan dai jita-jita ke shigowa iyaye mata, wannan ya ce kaza, wancan ya turo hoton da ba a san asalinsa ba. Mai sana'ar da ke tura duk abin da ya faɗo mata, ta sani tana kashe sunanta ne da kanta, domin wadda aka kama da labarin ƙarya sau biyu, in ta ce zumarta ba haɗi ba wanda zai yarda.

Sannan sai ga Satumbar 2021. Gwamnatin Aminu Bello Masari, a ƙoƙarin toshe wa 'yan bindiga hanyar sadarwa, ta sa aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Funtuwa da Bakori da Malumfashi. A daidai wannan lokaci an hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, an dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, har masu sana'ar cajin waya aka tsayar. Sai a watan Disamba aka fara maido da layukan. Kimanin wata uku ke nan ba kira, ba saƙo, ba tura kuɗi, sai wanda ya hau mota ya je inda sabis ke kamawa. Duk matar da kasuwarta kacokan ke cikin waya, ta wayi gari ba ta da kasuwa, ba ta ma da hanyar gaya wa masu sayenta na nesa cewa tana nan da rai. Abin dariya, ranar 4 ga Oktoba na shekarar Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke a duk duniya na kusan awa shida, ana ta kururuwa daga Amurka har Legas, mutanen Faskari kuwa ba su ma san an yi ba.

Abin lura shi ne shafin nan ba naki ba ne, rumfar haya ce, kuma masu iya rufe ta suna da yawa. Gwamnatin tarayya ma ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Don haka ki samu littafi na takarda ki rubuta sunayen masu sayenki da lambobinsu da garuruwansu, da wanda ke binki da wanda kike bi. Ki samu 'yar'uwa a Katsina ko Zariya ko Kano wadda ta san sana'arki, wadda za ta iya amsa wa mutane in an ji ki shiru. Kuma kada waya ta sa ki raina maƙwabciya mai sayen na naira ɗari biyu, domin ranar da sabis ya ɗauke ita ce za ta aiko yaro da kwano.

Wata za ta ce, ni da ke fama da tsakar gida, ina ruwana da labaran fasaha, ai wannan na samari ne masu kwamfuta. To ga ruwanki. A Disambar 2020 aka umarci kowa ya haɗa layinsa da lambar ɗan ƙasa ta NIN, aka yi ta ɗage wa'adi, a Afrilun 2022 aka hana layukan da ba a haɗa ba yin kira, sannan aka sa 14 ga Satumba 2024 a matsayin wa'adin ƙarshe. Mata da yawa layin da suke sana'a da shi da sunan miji ko ƙane aka yi masa rajista. Ranar da ya ɓata ko aka rufe shi, ba ke za ki karɓo ba sai mai sunan, kuma layin da aka bari wata da watanni ba a amfani da shi kamfani na iya sayar wa wani, ya gaji masu sayenki. A Oktoban 2022 Babban Bankin Nijeriya ya sanar da sauya takardun naira 200 da 500 da 1000, farkon 2023 tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo. Wadda ta ji labarin da wuri ta buɗe asusu, ko a banki ko a irin su OPay da Moniepoint, ita ta ci gaba da ciniki lokacin da wasu ke kwana a layin masu POS. A Janairun 2025 kuma hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince a ƙara kuɗin kira da na data da kusan rabi. In ba ki sa wannan a lissafin farashinki ba, ribarki ce ke tafiya a bidiyon da kike ɗorawa.

Ba sai kin karanta Turanci ba. Rediyo yana nan, BBC Hausa da DW da RFI da jaridar Aminiya duk suna kawo irin waɗannan labarai cikin Hausa, kuma suna da shafukansu a wayar da ke hannunki. Minti goma bayan an kwantar da yara ya isa. In 'yarki ko ɗanki na sakandare ya fi ki gane kan waya, ki zaunar da shi ya nuna miki, ba faɗuwa ba ce. Amma lambar sirrin asusu ki riƙe abarki.

Labaran nan su ne kuma ke nuna miki ramin da wasu suka faɗa. MMM ta kulle kuɗin mutane a Disambar 2016, CBEX ta ruguje a Afrilun 2025 da dukiyar jama'a, kuma duk biyun ta hannun 'yan'uwa da ƙawaye suka yi ta yaɗuwa, da alƙawarin kuɗi zai ninka ba tare da an sayar da ko tsinke ba. Mai suna a zauren mata ita suka fi nema, don in ta ce ta shiga, ashirin za su bi ta, ranar da abin ya fashe kuma ƙofarta za a zo. Akwai masu turo hoton shaidar biya na bogi. Kada ki ba direba kaya sai kin buɗe asusunki kin ga kuɗin sun zauna. Akwai kuma mai kira da ladabi ya ce daga ƙungiyar mata yake ko za a raba tallafi, ya ce an turo miki lambobi shida ki karanto masa. Lambobin nan mabuɗin WhatsApp ɗinki ne. Da kin faɗa ya kwace shafin, ya shiga bin masu sayenki ɗaya bayan ɗaya da sunanki yana neman rance. Maganinsa yana cikin saitin manhajar, a wurin da ake sa tabbaci na biyu: ki zaɓi lambobi shida na kanki waɗanda ba shekarar haihuwarki ba ce ba kuma ƙarshen lambar wayarki ba, ki rubuta su a bangon littafin nan na masu saye, ki ajiye shi a ƙasan akwati.